Sandar taliya ta fito ja alhali sito cike yake: yadda ake sa launi ya bi lamba

"Assalamu alaikum Yaya, dan Allah a taimaka min. Kawuna yana da shagon sarin kayan masarufi a kasuwar Singa, na haɗa masa ɗan shafi da yake nuna abin da ya rage a sito, kowane kaya da sandarsa, da Chart.js na yi. So nake duk kayan da ya yi ƙasa da 20 sandarsa ta koma ja, daga 20 zuwa 50 ruwan ɗorawa, sama da haka kore. Na rubuta launukan da hannuna ɗaya bayan ɗaya, ranar farko ya yi kyau, washegari da aka sabunta lissafi sai ga taliya mai kwali 140 ta fito ja, suga da ya kusa ƙarewa kuma kore shar. Abokina ya ce wai sai na koma D3. Meye mafita?"

Wa'alaikumus salam ƙanina. In na fahimce ka, so kake launin kowace sanda ya riƙa fitowa daga lambar da sandar take ɗauke da ita, ba kai za ka zauna kullum kana shafa musu fenti ba. Toh amsar a taƙaice: ba sai ka bar Chart.js ba, wato laburaren JavaScript da kake zana sandunan da shi, layi biyar ko shida za su gyara maka abun. Amma ka yi haƙuri zan ɗan ja maganar, don kodin shi ne mafi sauƙi a wannan aikin, inda ake zamewa yana can gaba.

Abin da ya faru da taliyarka bai da wuyar ganewa. Ka ba Chart.js jeri biyu ne, jerin lambobi da jerin launuka, shi kuma yana haɗa su ne da matsayi kawai, launi na farko ga sanda ta farko, na biyu ga ta biyu, bai san wace ce taliya ba bare ya san 140 ya fi 20. Ranar farko suga ne a gurbi na uku misali, ka sa masa ja. Washegari aka ƙara sabon kaya ko tsarin jerin ya canza, taliya ta faɗo gurbi na uku ta gaji jan suga. Kamar ka liƙa farashi a jikin kanta maimakon jikin kayan ne, da yaron shago ya sake jera kaya shikenan komai ya cakuɗe.

Gyaran a Chart.js

Wurin nan na backgroundColor da ka zuba launuka, ba jeri kaɗai yake karɓa ba, yana karɓar fankshin. Duk lokacin da zai zana sanda sai ya kira fankshin ɗin ya miƙa masa bayanin wannan sandar, abin da ya dawo shi ne launinta. Ga yadda nake rubuta shi:

function launi(saura) {
  if (!Number.isFinite(saura)) return "#9E9E9E";
  if (saura < 20) return "#D55E00";
  if (saura <= 50) return "#E69F00";
  return "#0072B2";
}

sai a cikin dataset ɗinka ka sa

backgroundColor: ctx => launi(ctx.raw)

Wancan ctx.raw shi ne ainihin abin da ka zuba a data na wannan sandar. Da lissafi ya canza ka kira chart.update, zai sake bi ta kan fankshin ɗin, kowace sanda ta ɗauki launin da ya dace da ita ko ina ta koma a jerin. Ka lura na ware launi a fankshin nasa daban ban cusa shi cikin saitin zanen ba, dalili kuwa gobe za ka so tebur ɗin da ke ƙasa ko saƙon da ake tura wa Kawu ya yi amfani da wannan dokar, in a wuri uku ka rubuta ta wata rana za ka canza biyu ka manta ɗaya, sai zane ya ce ja tebur ya ce lafiya lau.

Abu biyu da suke kama mutane a nan. Wasu misalai da za ka gani suna amfani da ctx.parsed.y, yana aiki, amma ranar da ka kwantar da sandunan da indexAxis "y" don sunayen kaya su karantu a waya, lambar ta koma parsed.x, launi ya rikice kana ta neman dalili. Na biyu, Chart.js yakan kira fankshin ɗin ba don wata sanda ba, a nan babu raw babu parsed, in ba ka tanadi hakan ba sai kuskure ya tsayar da zanen gaba ɗaya. Layin farko na fankshin ɗina yana tare wannan.

Maganar D3

Abokinka bai yi ƙarya ba, D3, wani laburaren zanen bayanai na JavaScript, yana yin wannan da ma abin da ya fi shi. Mike Bostock ne ya fitar da shi a 2011 lokacin yana jami'ar Stanford a Amurka, kuma asalin tunaninsa kenan, kowane abu da ke kan shafi a ɗaure shi da bayaninsa. Chart.js kuma Nick Downie ya fara shi a 2013. Bambancin da ya shafe ka shi ne Chart.js a kan canvas yake zane, wato fenti ne a allo guda, da ya gama babu wata sanda da za ka kama da CSS, shi ya sa dole launi ya bi ta saitinsa. D3 yawanci da SVG ake aiki da shi, kowace sanda abu ce mai zaman kanta a shafin, za ka iya ba ta class ka bar CSS ya yi sauran. Yana da scaleThreshold da aka yi don irin buƙatarka, ka ba shi geji biyu da launi uku, kullum launukan sun fi gejin da ɗaya, kuma lambar da ta faɗo daidai kan geji ɓangaren sama take shiga, wato 20 cif ba ja ba ce.

Sai dai da D3 kai za ka gina komai, layin gefe, rubutun ƙasa, tazarar sanduna, yadda zai matse a ƙaramar waya. Don sanduna 30 na shago ban ga dalilin wannan wahalar ba. In wata rana aka ce ka zana taswirar ƙananan hukumomi 44 na Kano kowacce da launin cinikinta, toh nan ka zo mu yi maganar D3, kuma zan gaya maka tarkonsa guda biyu tun yanzu: in ka sa fill a matsayin attr alhali akwai dokar CSS da ta taɓa fill ɗin, CSS ne zai ci, ka yi ta canza kodi launi bai motsa ba. Sannan in a sashen enter kaɗai ka sa launi, sababbin sanduna ne za su samu, tsofaffin tsayinsu zai canza launinsu na jiya na nan. Sauran laburare duk suna da hanyarsu, Highcharts yana da zones, ECharts yana da visualMap, Vega-Lite yana da condition, sunaye ne suka bambanta tunanin ɗaya ne.

Lambar da ba lamba ba

Nan ne na taɓa ƙonewa, shi ya sa nake nanata shi. Shekarun baya na yi wa wata makarantar kuɗi shafin sakamakon jarrabawa, kowane darasi da sandarsa, na bi gejin da kowa ya sani na WAEC, ƙasa da 40 F9 ja, daga 50 an ci kiredit, 75 zuwa sama A1. Na gwada komai daidai. Ranar da aka buɗe wa iyaye sai ga kira, wani uba ransa a ɓace wai an ce 'yarsa ta faɗi darasi biyu, alhali yarinyar ba ta ma yin waɗannan darussan, 'yar ajin kimiyya ce. Gurbin a fayil ɗin fanko ne, ni kuma na maida shi lamba ba tare da na duba ba, JavaScript in ka ce ya maida rubutun da babu komai a ciki lamba sifili yake ba ka, sifili kuma ƙasa da 40 yake, sai ja. Laifina ne ba na malamai ba. Haka null, wato alamar babu komai, in ka tambayi JavaScript ko null ya gaza 20 zai ce maka eh.

A shagon Kawu wannan zai faru ranar da mai kula da sito bai ƙirga wani kaya ba ya bar gurbin haka nan. Zane zai nuna ja, Kawu ya ɗauki waya ya yi odar abin da yake jibge a bayan sito. "Ba a ƙirga ba" da "ya ƙare" magana biyu ce daban, dole kowacce da kamanninta, shi ya sa na ware ruwan toka a layin farko na fankshin. Amma fankshin ɗin ba zai cece ka ba in tun wajen karanta fayil ka riga ka maida fanko sifili, sai ka duba a can tukuna, in gurbi fanko ne ka bar shi null.

Akwai ƙannensa. Duk abin da ya fito daga CSV ko akwatin da mutum ya cika a shafi rubutu ne ko da ido na ganin lamba. In ka gwada rubutu da rubutu, "9" ya fi "10" a wajen JavaScript don harafi-harafi yake bi, 9 kuma ya fi 1. Wannan yakan bayyana ne in gejin ma daga akwati ya fito, Kawu ya rubuta 20 da kansa. Sai wanda ya rubuta 1,200 da waƙafi, ko ya ƙara "ctn" a gaba, ko alamar naira, duk waɗannan NaN suke zama, wato "ba lamba ba", kuma halin NaN shi ne duk tambayar girma da ka yi masa a'a yake cewa, bai gaza 20 ba, bai gaza 50 ba, in babu layin farko na fankshin ɗina sai ya zarce layin ƙarshe ya ɗauki launin lafiya lau. Wannan ya fi na farko muni don shiru yake yi, ba wanda zai kira ka.

Shi kansa 20 ɗin daga ina ya fito?

Wannan ce tambayar da nake so ka koma da ita wajen Kawu. Geji ɗaya ga duk kaya zai yi wuya ya faɗi gaskiya. Mu ƙaddara akwai buhun suga 60 kuma kullum 15 suke fita, kwana 4 kenan ya rage, amma dokarka za ta ba shi kore tunda ya haura 50. Ga ashana kwali 12 da sai a kwana biyu ake ɗaukar ɗaya, za ta kai kwana 24, ita kuma ka shafa mata ja. Kaga zanen bai yi kuskuren kodi ba amma ya yi wa mai shago ƙarya. Kuma ka san yadda Singa take in azumi ya matso, suga da madara da man girki gudunsu ba irin na sauran watanni ba ne, gejin da ya yi daidai a Rajab ba lallai ya yi a ƙarshen Sha'aban ba.

Abin da ɗan kasuwa yake lissafawa a ransa shi ne kayan nan zai kai ni ranar da mota za ta iso? Don haka ni da zan yi, lambar da zan zana ita ce kwanakin da suka rage, wato abin da ke sito a raba da matsakaicin abin da ke fita kullum a sati biyun da suka wuce, sai ja ya zama duk abin da kwanakinsa ba su kai lokacin da oda take ɗauka kafin a sauke kaya ba. Kayan da ake ɗaukowa daga kamfani a Bompai ko Sharaɗa ba ɗaya suke da wanda sai tirela ta taso daga Legas ba, saboda haka kowane kaya ya zo da nasa kwanakin odar a cikin fayil. Chart.js ya yarda ka zuba data a matsayin abu mai ɗauke da suna, saura, fita, kwanan oda, ka nuna masa da parsing wanne ne tsayin sanda, sai ctx.raw ya ba ka duka a hannu ɗaya.

Sai ka kula da rabawar. Kayan da bai motsa ba sam, rabawa da sifili Infinity take bayarwa, ba gaggawar oda yake nunawa ba, kwantai ne, ya cancanci nasa alamar don shi ma kuɗi ne a kwance. Mafi sharri kuma kayan da ya ƙare tun sati biyu, saura sifili, fita ma sifili tunda ba abin sayarwa, sifili a raba da sifili NaN ne, in ba ka tare ba kayan da babu ko ɗaya zai fito da launin lafiya. Don haka dokar farko a fankshin ɗin ta zama: in saura sifili ne, ja, ba tare da wani lissafi ba.

Su launukan kansu

Ka ga ban ba ka ja da kore ba, da gangan ne. Akwai mutanen da idonsu ba ya raba ja da kore sosai, gado ne kuma maza ya fi kamawa, a Turai ana ƙiyasta kusan namiji 1 cikin 12, mace 1 cikin 200, a nan Afirka adadin bai kai haka ba amma akwai su, kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba. Ukun da na rubuta, ja mai ruwan goro, ruwan lemo da shuɗi, daga jerin Okabe da Ito na ɗauko, wasu masana 'yan Japan da suka tsara launukan da irin waɗannan idanun ke iya bambancewa. In Kawu ya dage sai kore, ba faɗa, ka sa kore mai haske ja mai duhu yadda ko launin ya ɓace duhun zai raba su.

Ko ba maganar ido ba, ka tuna inda za a kalli abun. Ba ofis mai esi ba ne, waya ce a bakin shago da azahar, rana na dukan gilas, wataƙila an rage haske don caji ya kai yamma. Ruwan ɗorawa mai haske a kan farin shafi a irin wannan yanayin ɓacewa yake. Ƙa'idar WCAG 2.1 ta 2018, wadda ta shafi sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce abin zane da ake buƙata don fahimta ya bambanta da abin da ke kewaye da shi da aƙalla 3 bisa 1, ƙaramin rubutu kuma 4.5 bisa 1, kuma ta ce kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo. Ruwan lemon da na ba ka ma bai cika 3 bisa 1 a kan fari ba, sai ka zagaye sandar da baƙin layi siriri ta borderColor da borderWidth, su ma suna karɓar fankshin. Gwajin da nake yi mai arha ne, in buga shafin baƙi da fari a shagon fotokwafi, in har ban gane wanne ne na gaggawa ba toh aikin bai gama ba. Abin da ke gyara shi, lambar a rubuce a bakin kowace sanda, da kalma ɗaya irin "oda" kusa da jajayen, da jera su daga mafi gaggawa zuwa ƙasa. Wallahi jerawar nan kaɗai ta kan yi rabin aikin launi.

Ra'ayina kuma, ka ɗauka ko ka bari, launi uku masu ƙarfi sun yi yawa. In sanduna 40 ne, 30 kore shar, 6 ɗorawa, 4 ja, ido rasa inda zai sauka yake kamar ka shiga layin atamfa a Kwari. Ni nakan bar duk masu lafiya da shuɗi mai sanyi, masu matsala kaɗai su yi ihu. Kada kuma ka yi sha'awar launi mai narkewa daga ja zuwa kore, tsakiyarsa wani ruwan ƙasa mai datti yake bayarwa, kuma Kawu ba tambayar "ja nawa" yake ba, a yi oda ko kar a yi ce. Irin wancan narkewar sai inda lambar ke tafiya a hankali kamar zafin gari ko yawan jama'a, can ma akwai jerin da aka gwada irin viridis da na ColorBrewer. Ma'anar launi ma ba ɗaya ba ce ko'ina, a kasuwar hannun jari ta Sin ja tashi yake nufi kore faɗuwa, saboda haka ka rubuta ma'anar kowanne a saman zanen da Hausa. Ɗan akwatin bayanin launi da Chart.js yake fitarwa da kansa a sama launi ɗaya yake nunawa ga dataset gaba ɗaya, ba zai bayyana dokarka ba, ka kashe shi ka rubuta naka da HTML, kuma kalmomin da lambobin su fito daga wuri ɗaya da fankshin ɗin ke karanta gejinsa.

In daga baya ka ƙara zanen layi na cinikin kullum kana so inda ya sauka ya canza launi, siga ta 3 zuwa sama tana da segment, yana ba ka ɗigon farko p0 da na biyu p1 ka gwada su. Ka tabbatar da sigar da kake kai, don misalan siga ta 2 sun cika intanet kuma saitinsu ya sha bamban.

Ban ga kodinka ba, da bayaninka na yi aiki, in bayan ka sa fankshin ɗin taliya ta fito ruwan toka toh matsalar tana wajen karanta fayil, ka buga typeof na lambar a console ka gani ko string zai ce. Kwanakin oda kuma ba ni zan faɗa maka ba, Kawu da yaran sito su suka san wane kaya ke makalewa a hanya, ka zauna da su bayan la'asar in kasuwa ta lafa ka rubuta na kowane kaya, ka fara da guda goma da suka fi gudu, sauran ka bar su a kan 20 da 50 ɗinka zuwa lokacin da lissafin fitar sati biyu zai taru.